Mu biyu, jaka a baya, sefa miliyan ɗaya da rabi: wane tsibiri za mu kai?

Tambayar ta zo daga wata malamar makaranta, ƴar Tawa mai zaune a Yamai. Ta ce ita da maigidanta sun shekara biyu suna zubin adashi har sun haɗa sefa miliyan ɗaya da rabi. Ba su samu haihuwa ba tukuna, kuma a cikinsu ba wanda ya taɓa ganin teku. Tana ganin Turawa a Facebook da TikTok, mata da miji, kowa da jakarsa a baya, suna ƙetarawa daga wannan tsibiri zuwa wancan a Tailan da Indonesiya, suna cewa abin ba ya cin kuɗi. Shin su ma za su iya? Ina za su nufa, kuma a wane lokaci?

Ƙanwata, za ku iya, amma ba can ba. Na yi shekara 14 ina yanka wa mutane tikitin jirgi a nan Yamai, kuma ni da uwargida mun yi irin wannan tafiya har sau biyu, don haka bari in fara miki da abin da hotunan ba su nunawa. Arahar Tailan da Indonesiya gaskiya ce, sai dai tana farawa ne bayan ka sauka. Kafin saukar akwai tikiti da biza. Bature yana tashi daga garin da kamfanonin jirage da yawa ke rububin fasinja, fasfonsa kuma yana buɗe masa ƙofa. Mu daga filin Diori Hamani muke tashi, jiragen ƴan kaɗan ne, sai an bi ta Adis Ababa ko Istanbul ko Kasablanka, kuma tikitin mutum biyu zuwa Jakarta da dawowa zai lashe adashinku kaf ko ya bar muku abin da bai taka kara ya karya ba. Ga shi ƙasashen biyu ba su da ofishin jakadanci a Yamai, kuma biza dole ce. Ba na so ku zuba wahalar shekara biyu a kujerar jirgi, ku je ku yi kwana biyar kuna lissafin farashin kowane kwanon shinkafa.

Akwai tsibiran da sefarku ke ci yadda take, ba canji, ba asarar ko dala. Ƙasashe 8 ne ke amfani da sefar da ke aljihunki, kuma biyu daga cikinsu, Senegal da Gine-Bisau, suna da tsibirai masu kwakwa da farin rairayi da kifi ɗanye, irin waɗanda kike gani a waya. Gine-Bisau ta shigo tsarin sefa a 1997. A gaban gaɓarta akwai tsibiran Bijagos, guda 88, kusan 20 ne kawai ake zaune a cikinsu. A kudancin Senegal, a bakin kogin Kazamans, ga Karaban. Shawarata ita ce ku sauka Dakar, ku bi jirgin ruwa zuwa Karaban, ku gangara Ziginshor, ku shiga Bisau ta mota, ku ƙetara Bijagos, sannan ku hau jirgin dawowa gida daga Bisau. Kwana 24 zuwa 26 sun isa a yi wannan ba gudu.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Nijar ta fita daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar ƴan ƙasashen AES, su shiga ba biza, har sai an ba da wata sanarwa. Kuma har yanzu muna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen da ke amfani da sefarmu, tare da Senegal da Gine-Bisau. Duk da haka ku tafi da fasfo mai sauran aƙalla wata shida, kada ku dogara da kati kaɗai. Ku haɗa da katin rigakafin shawara, wanda tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, da takardar aurenku. Ku yi wa kowace takarda kwafi biyu, ɗaya a jakarki, ɗaya a tasa.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne aikinki. Malamar makaranta babban hutunta Yuli zuwa Satumba ne, kuma wannan shi ne tsakiyar damina a can. Daminarsu ba irin tamu ba ce. Tawa ba ta cika samun milimita 400 a shekara ba, Bisau kuwa tana kusantar 2,000, kuma kusan duka tsakanin Yuni da Oktoba yake zuba. Teku yana hauka, ƙananan jirage suna fasa tashi, masaukai da yawa suna rufewa, sauro kuma sai wanda ya gani. Lokacin kirki daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. Idan za ki iya samun izini a Nuwamba ko Janairu ko Fabrairu, ki nema tun yanzu. Ƙarshen Disamba yanayi yana da kyau amma Turawa sun cika wurin, ɗaki ya yi tsada. Idan kuwa babu hali sai Agusta, to ku tsaya a Dakar da Karaban inda babban jirgi ke zuwa, ku bar Bijagos sai wata shekara. Ba zan ba ku shawarar shiga kwale-kwale a tekun Bisau cikin Agusta ba ko da kyauta aka ce ku hau.

Na san mutanen Adar ba a koya musu tafiya. Kakanninku sun san hanyar Abijan tun kafin a yi kwalta, kuma na tabbata maigidanki zai ce a bi mota zuwa Dakar don a rage kuɗi. A da ni ma haka zan ce. Yanzu hanyar ta ratsa Burkina da Mali a wuraren da ake tare motoci, kuma ba tafiyar da ta kai a sa rai a kanta. Ku hau jirgi. ASKY tana bi ta Lome, Air Côte d'Ivoire ta Abijan. Ku ce wa mai yanka tikiti kuna son zuwa Dakar, dawowa daga Bisau, a tikiti guda. Mutane da yawa ba su san ana yin haka ba, sai su sayi zuwa da dawowa Dakar, su ɓata kwana biyu da kuɗin mota wajen komawa inda suka fito. Ku saya wata biyu ko uku kafin tafiya, ku kauce wa lokacin aikin Hajji da ƙarshen shekara.

Dakar tana cin kuɗi kamar wuta a busasshiyar ciyawa, kada ku wuce kwana uku. Filin jirgin Blaise Diagne yana wajen gari da nisan kusan kilomita 50, ku nemi bas ɗin Dakar Dem Dikk maimakon taksi. Idan kuna da ɗan uwa a Medina ko wata unguwa, ku sauka wurinsa, ku kai masa kilishi. Washegari da safe, kafin komai, ku je tashar jiragen ruwa ku sayi tikitin Kazamans, don yana ƙarewa, kuma sai da fasfo ake sayarwa. Daga nan tashar ce kuma ake hawa jirgin Gore, tafiyar minti 20. Ku nuna fasfonku, ɗan Afirka yana biyan kusan rabin abin da Bature ke biya. Gore ƙaramin tsibiri ne, ba mota, yini guda ya isa a ga Gidan Bayi a zagaya a dawo. Amfaninsa gare ku iri biyu ne: tarihi, da kuma gwaji. A wannan minti 20 za ki san ko cikinki yana jure ruwa.

Babban jirgin Kazamans sunansa Aline Sitoé Diatta, sunan wata mata ƴar ƙabilar Jola daga Kabrus da ta ja wa Faransawa daga, suka kore ta zuwa Tumbutu, can ta rasu a 1944. Yana tashi da yamma sau biyu a mako, ya kwana a teku, gari na wayewa ya shiga bakin kogi. Akwai kujera, akwai ɗaki mai gadaje. Ku ɗauki gado a ɗakin mutane da yawa idan kuɗin ya ba da hali, dare a kujera ga wanda bai saba da teku ba yana da tsawo. Za ku ga ana duba suna da takarda sau biyu sau uku kafin a hau, kada ku ƙosa. Jirgin da ya gabace shi, Joola, ya kife a gaban gaɓar Gambiya ranar 26 ga Satumban 2002, ya ɗauko ninkin abin da aka ƙera shi ya ɗauka har fiye da sau uku. Hukuma ta ƙidaya mutum 1,863 da suka rasu, 64 kaɗai suka tsira. Duk wani tsanani da za ku gani a tashar nan daga wannan daren ya samo asali. Ki riƙe wannan labarin, za ki bukace shi a Bisau inda ba mai duba miki.

Karaban ita ce wurin da nake so ku daɗe, kwana shida ko bakwai. A nan ne kuɗi ke hutawa. Ba mota, ba kwalta, ba inda za ka kashe kuɗi ko kana so. Faransawa sun kafa wurin ciniki a nan a 1836, har yanzu ga tsohon cocinsu, ga kabarin wani kyaftin mai suna Protet da aka binne a tsaye. Masaukan ƙanana ne, irin waɗanda suke kira campement: ɗaki, gado, sange, guga da rijiya ko famfo. Kazamans ce ta fara wannan tsari na masaukin ƙauye tun shekarun 1970, don kuɗin baƙo ya tsaya a hannun mutanen gari. Kada ku yi cinikin dare ɗaya. Ku ajiye jakunkuna, ku gaisa da mai gida yadda ya kamata, ku sha ruwa, sannan ki ce masa mako guda za ku yi, nawa zai bar muku, kuma ko za a bar ki ki yi girki a madafarsu. Wannan tambaya ta biyu ita ce rabin tattalin tafiyar.

Na tuna safiyarmu ta uku a can. Uwargida ta fita bakin ruwa da ƴar roba lokacin da masunta ke dawowa, ba ta jin Jola ba ta jin Wolof, Faransancin ma na makarantar firamare ne. Wata tsohuwa ta kama hannunta ta ɗora yatsarta a kan kifi, ta danna, ta nuna mata yadda naman ke dawowa, ta buɗe kunnen kifin ta nuna ja, sannan ta ture wani gefe ta girgiza kai. Da hannu aka yi cinikin, da hannu aka yi darasin. Da rana ta dafa shi da yajin da muka taho da shi daga gida da lemun tsami na bayan ɗaki, ƴaƴan mai masauki suka zagaye tukunya. Daga ranar kullum sai an aiko mana da wani abu, yau kwakwa, gobe kawa da aka ciro daga saiwar itatuwan bakin ruwa. Ku tafi da yaji, da garin kuka, da kilishi, da dabino, da ganyen shayi da ƙaramar buta. Ba su da nauyi, kuma da su ake ƙulla zumunci.

Kan abinci hankalinku ya kwanta. A mazhabar Malik da muke bi, duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, kuma ruwan teku yana yin alwala. Abin lura shi ne alade da giya, domin Jola da Bijago da yawa ba Musulmi ba ne, suna kiwon alade, suna shan bammi da giyar kashu. Ku tsaya kan kifi da shinkafa, ki tambaya da me aka soya. Sallar ƙasaru kuna da ita a hanya, amma inda kuka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku sai ku cika. Kuma a Kazamans kada ku bar turbar da mutane ke bi ku kutsa daji. Rikicin da ya fara a 1982 ya lafa, amma ya bar nakiyoyi a wasu dazuzzuka wajen iyaka.

Daga Karaban kwale-kwale zai kai ku Elinkin, mota ta kai ku Ziginshor, daga can ku shiga set-plas, wato motar haya mai ɗaukar mutum bakwai, zuwa Bisau ta iyakar Mpak da Sawo Domingos. Nisan bai kai kilomita 150 ba amma ku ba shi yini, akwai shingaye. Ku tashi da asuba, ku riƙe ƙananan kuɗi a aljihu dabam. Daga iyaka harshe ya canza, sai Kiriyol da Fotugis, sai dai a kasuwar Bandim za ku tarar da Fulani ƴan kasuwa masu jin Faransanci, kuma su ne za su nuna muku masauki mai sauƙi da masallaci. Ƙasa ce da siyasarta ba ta cika zama lafiya ba, don haka ku saurari labarai kafin ku tashi, kuma kada ku sa tafiyarku kusa da zaɓe. A Bisau ku ciri duk kuɗin da za ku bukata a tsibirai, ku canza su zuwa jika-jika da ɗari biyar-biyar. Takardar jika goma a ƙauyen tsibiri kusan ba ta da amfani, ba mai canji.

Yanzu ga inda nake so ki karanta wa maigidanki da ƙarfi. Daga tashar Pinjigiti ake tafiya Bubak, babban garin tsibiran. Akwai babban jirgi, lokacin da muka je Juma'a yake tashi ya dawo Lahadi, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. Akwai kuma manyan kwale-kwalen katako masu inji da ke tashi wasu ranakun, sun fi araha. Babban jirgin za ku jira, ko da zai sa ku ƙara kwana biyu a Bisau. Kuma ba agogo ke sa lokacin tashi ba, teku ne. Sau biyu a yini yana cikowa, sau biyu yana janyewa, kowace rana yana jinkirta da kusan minti 50, kuma a Bijagos bambancin yana kai mita uku zuwa huɗu ko fiye. Lissafin watan da kuka sani ne ke aiki a nan: a tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 15 cikowar ta fi ƙarfi, janyewar ma ta fi nisa. Wurin da ka yi wanka da safe, da azahar za ka ga laka ce shimfiɗe har iya ganinka, tsuntsaye na kiwo a kai.

Mu mun koyi wannan a jikinmu. A tafiyarmu ta farko mun so mu rage kuɗi tsakanin wasu tsibirai biyu, muka shiga kwale-kwalen wani mutum da ya loda buhunan shinkafa da siminti da jarkokin manja, ya ƙara mutane a kai har bakin jirgin bai fi tafin hannu daga ruwa ba. An ce za a tashi ƙarfe tara, ba a tashi ba sai sha ɗaya saboda jiran wani kaya. Awa biyun nan su suka cuce mu. Ruwa ya janye muna tsakiya, cikin jirgin ya zauna a kan rairayi, inji ya yi shiru. Awa shida muka yi a rana, ba inuwa, ruwan sha lita ɗaya da rabi tsakaninmu, wata mata da jariri tana ta lulluɓe shi da zane. Da ruwan ya dawo ya dawo da iska, magariba ta yi, ba fitila, ba rigar ceto ko ɗaya, samari biyu suna kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka. Uwargida ta riƙe hannuna tana karanta duk abin da ta haddace. Allah ya fitar da mu, amma abin da muka rage bai kai jika goma ba. Tun daga ranar dokata uku ce: ina duba tazarar bakin jirgi da ruwa bayan an gama lodi, ina tambayar rigar ceto in sa ta a jikina kafin a tashi, kuma jirgin da ya makara ya wuce lokacin ruwansa ina sauka in bar masa kuɗin.

Ku da ruwan da kuka sani shi ne tabkin Tabalak da kogin Isa daga kan gada, ku ɗauki teku da girmansa. Iya ruwa fidda kai. Kafin tafiya ku biya kuɗin darasin iyo a ɗaya daga wuraren wankan Yamai, ko sau takwas ne, ku koyi kwanciya a bayanku a kan ruwa ba tare da firgita ba. A can kada ku wuce ƙugu, kada ku shiga inda ba mutanen gari, kada ku shiga lokacin da ruwa ke janyewa. A rairayin Bijagos akwai wani kifi mai faɗi kamar faifai da ke binne kansa, yana da ƙaya mai dafi a wutsiya. Ana jan ƙafa ne a ƙasa idan ana shiga, ba a ɗagawa a taka, sai ya ji motsi ya gudu.

Bubak kanta gari ne mai jar ƙasa da itatuwan mangwaro, da kasuwa a bakin tasha. A nan ma ku nemi ɗaki na mako. Ku yi hayar keke ku ratsa tsibirin zuwa gaɓar Bruce a ɗaya ƙarshen, ta cikin dazuzzukan kwakwar manja, ku tafi da abincinku da ruwanku. Abin da ke da tsada shi ne zuwa sauran tsibiran, domin man fetur daga Bisau ake kawo shi. Orango ita ce wadda ta cancanci kuɗin. Gandun ƙasa ce, akwai dorinar da ke kai da komo tsakanin tabki da ruwan gishiri, abin da ko mu da muka san dorinar kogin Isa ba mu saba gani ba, kuma an fi ganinta daga ƙarshen damina zuwa farkon sabuwar shekara. A ƙauyen Etikoga akwai kabarin sarauniya Okinka Pampa da ta rasu a 1930, har yau ana girmama ta. Kada ku ɗauki jirgi ku biyu. Ku zauna a masauki ku tambayi sauran baƙi, ku haɗu ku shida ko takwas ku raba kuɗin mai. Idan ba a haɗu ba ku haƙura, Bubak da Ruban da ke fuskantarta sun isa.

Mutanen Bijagos suna da tsibirai da dazuzzukan da suka keɓe, wasu ba a kwana, wasu baƙo ba ya taka su sam. Wannan tsaron nasu ne ya sa kunkuran teku ke ci gaba da zuwa tsibirin Poilawo suna yin ƙwai dubbai, har UNESCO ta sa yankin cikin wuraren da take karewa tun 1996. Aƙidarsu ba tamu ba ce, amma ƙasarsu ce. Idan an ce kada a shiga, kada ku shiga. Kada ki ɗaga waya kan mutum ko bukka ko taro sai kin tambaya. Ku fara gaida dattijan ƙauye kamar yadda za ku yi a kowane ƙauyen Adar.

Ga yadda ni zan raba kuɗin. Jika 700 iyakar abin da zan yarda tikitin jirgin sama na mutum biyu ya ci, idan ya haura sosai ku ɗaga tafiyar ku jira farashi ya sauko. Jika 150 na jiragen ruwa da motoci. Jika 20 a kowace rana ta kwana 24 don ɗaki da abinci, jika 480 ke nan, ku sani Dakar da Bisau za su ci fiye da haka, Karaban ta mayar muku. Sauran jika 170 ba na kashewa ba ne. Rabi ki ɗinke a cikin ɗan zane ki ɗaura a ƙugu, rabi ku bar wa wani amintacce a gida wanda zai aiko idan kun kira. Tsaraba ba ta cikin wannan lissafi, kuma ku faɗa wa dangi tun kafin ku tashi, domin na ga mutanen da suka hana kansu abinci a hanya don su cika jaka da atamfa.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: tafiya irin wannan tana gwada aure. A gida kowa yana da wurin fita, a can ku biyu ne dare da rana, cikin zafi da gajiya da harshen da ba ku ji. Yawancin saɓanin kuma kan kuɗi ne da yunwa. Mu abin da ya yi mana magani shi ne ƙaramin littafi. Ita ke riƙe kuɗin yini da biro, ni ke riƙe takardu da cinikin mota da jirgi, kowane dare bayan isha mu zauna minti biyar mu rubuta abin da ya fita. Kowa kuma yana da jika ɗaya tasa a rana da ba a tambayarsa inda ya kai ta. Kuma mun yi alkawari tun a Yamai cewa idan ɗaya ya ce bai yarda da jirgi ba, an fasa, ba gardama. Ka ji, angon ƙanwata: idan ta ce tana tsoro, ba ranar nuna jarumta ba ce.

Za ki ji ana maganar Kap-Ver da Zanzibar. Dukansu suna da kyau, amma na tafiya ta biyu ne. Kap-Ver tsibirai 10 ne, sai ta jirgin sama ake zuwa daga Dakar, kuɗinsu eskudo ne, ɗaya yana daidai da sefa 6 ko kusa, kuma kusan komai shigo da shi ake yi, don haka rayuwa ta fi tsada. Abin da ta fi sauran da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a Janairun 2024 cewa ta rabu da zazzabin cizon sauro. Zanzibar kuwa garin Musulmi ne, za ku ji daɗin abinci da kiran salla, amma ga tikitin Adis Ababa, ga biza, ga inshorar dala 44 ta Amurka da suka wajabta wa kowane baƙo tun Oktoban 2024.

Kan lafiya, kada ku ce mun saba da masassara a gida. Sabo ba rigakafi ba ne, kuma a tsibiri asibitin kirki yana bayan awa biyar na teku. Ku ga likita kafin tashi ya rubuta muku maganin zazzabi ku tafi da shi, da gishirin zawo, da Aquatabs na ruwan sha, da maganin jiri na jirgi wanda ake sha kafin a hau, ba bayan amai ya fara ba. Ku tafi da sangenku, na masauki sau da yawa a huje yake. Idan kuma kafin lokacin Allah ya ba ki juna biyu, ku ajiye Bijagos gaba ɗaya, ki tambayi ungozoma ko ma Karaban ɗin ta dace.

Jaka kuwa ku je Katako ko Wadata wajen ƴan gwanjo, ku nemi mai ɗamara a ƙugu, ku duba zip da ɗinkin kafaɗa. Kowa kada ya wuce kilo 10, domin za ku sauka daga kwale-kwale cikin ruwa zuwa gwiwa da ita a ka. Kaya kala uku sun isa, masu saurin bushewa, da zane biyu, da silifas mai kama dunduniya, da tocila, da batirin cajin waya, da ledoji masu kauri da za a naɗe fasfo da waya a ciki. A gwada ta tun a gida: ku cika ta, ku goya, ku taka daga gadar Kennedy zuwa Babbar Kasuwa ku dawo, duk abin da kafaɗa ta ƙi a fitar da shi.

Sannan ku baro tsibiri kwana biyu cur kafin ranar jirginku na sama. Jirgin Lahadi yana iya zama na Litinin idan iska ta tashi ko inji ya ƙi, kuma tikiti mai araha ba a canza masa rana sai da tara mai nauyi. Ku sa dawowarku Yamai ta kama Laraba ko Alhamis, ku kwana biyun ƙarshe a Bisau, ku sayi kashu a Bandim da abin da ya rage a littafin.